Yadda ake samun lasisin ɗan koyon aikin wuta a Teksas, da yadda za ka tara awanninka har ka tsaya da ƙafarka

Ko shekara nawa ka yi kana wayarin a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ranar da ka sauka Houston ko Dallas doka ba ta san da wannan ba tukuna. A jihar Teksas ba a yarda mutum ya yi aikin wuta don a biya shi ba sai da lasisi a aljihunsa, kai ko yaron da ke miƙa wa oga filaya yana ja masa waya a cikin bututu shi ma akwai nasa lasisin da ake so ya riƙe. Dokar tun 2003 aka yi ta, daga Satumban 2004 ta fara aiki a faɗin jihar, kuma hukumar da ke riƙe da harkar ita ce TDLR, hedikwatarta na Austin, ita ce dai mai ba masu aski da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki lasisi. Sannan ka sa a ranka tun yanzu cewa Amurka ba ta da lasisin wuta guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da nata tsarin, don haka duk abin da zan faɗa a nan na Teksas ne, can ƙasa zan ɗan taɓo wasu jihohin don kar wani ya ɗauki wannan ya kai inda ba ya aiki.

Tsanin hawa uku ne in aka bar ƙananan rassa. Na ƙasa shi ne ɗan koyo, a fom za ka ga an rubuta Apprentice Electrician. Na tsakiya janiman, wato ƙwararren da zai iya aiki ba sai an tsaya a kansa ba amma har yanzu a ƙarƙashin kamfani yake, kuma ba ka kai nan sai ka tara awa 8,000 na aiki a ƙarƙashin masta ka ci jarrabawa. Na sama masta, shi ne mai sa hannu, shi ake kamawa in aiki ya lalace. Akwai kuma wani ɗan matakin a gefe na masu wayarin ɗin gidajen kwana kawai, zan zo kansa.

To waye ya cancanci lasisin ɗan koyo

A nan mutane ke tsorata kansu a banza. Sharaɗin doka gajere ne sosai: ka kai shekara 16, ka cika fom, ka biya dala 20, kuma aikin da za ka yi ya zama taimaka wa aikin wuta ne a ƙarƙashin kulawar masta. Shi ke nan. Babu jarrabawa, ba a tambayarka takardar sakandare, ba a cewa sai ka kawo shaidar ka taɓa aikin, mace da namiji duk ɗaya ne, kuma babu iyakar shekaru ta sama, dattijo mai shekara hamsin ma in yana da ƙarfin hawa tsani zai iya nema.

Abubuwan da suke hana mutanenmu ba su cikin wancan jerin, su ne guda biyu. Na farko lambar Social Security, wato lambar da gwamnatin Amurka ke ba mai izinin aiki, fom ɗin yana neman ta dole, saboda dokar jihar ta ce duk mai neman lasisin sana'a sai ya bayar da ita. Ke nan in takardunka na zama da izinin aiki ba su kammala ba, fara da can, don ko ka samu kati ma kamfanin kirki ba zai ɗauke ka ba sai ya duba izinin aikinka. Lasisin nan ba biza ba ne kuma ba ya jawo biza, duk wanda ya ce maka daga gida ka turo kuɗi zai yi maka lasisin Teksas ka zo da shi aiki, ka riƙe kuɗinka.

Na biyu tarihin laifi. Za a tambaye ka ko kotu ta taɓa kama ka da laifi ko ka taɓa amsa laifi, ban da ƙananan laifukan tuƙi, in amsar e ce akwai wani fom na daban da za ka cika ka yi bayani. Samun laifi a baya ba ya nufin an rufe maka ƙofa kai tsaye, suna duba irin laifin da daɗewarsa da kuma alaƙarsa da aikin, tunda sana'a ce ta shiga gidajen mutane. Amma su da kansu suna bincike a kan kowane mai nema, to in ka ɓoye suka gano, ƙaryar ce za ta kayar da kai ba laifin ba. Wanda ke da shakku a kan nasa tarihin zai iya neman TDLR ta duba masa tun kafin ya kashe lokaci, suna da wata wasiƙa da suke bayarwa da ke gaya maka ko za su yarda da kai ko a'a. Gara ka ji tun yau da ka ji bayan shekara huɗu.

Cika fom ɗin

Ka shiga shafin TDLR na intanet, ka nemi sashen masu aikin wuta, ka zaɓi na ɗan koyo. Ta intanet ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan turawa ta gidan waya. Sunanka ka rubuta shi daidai da yadda yake a katin shaidarka da na Social Security, harafi da harafi, mu da muke da Muhammad da Mohammed da Mamman a takardu uku daban-daban wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ranar jarrabawar janiman nan da shekaru in sunan da ke katinka bai yi daidai da wanda ke rajista ba za a iya hana ka shiga. Ka sa adireshin da wasiƙa za ta same ka da imel ɗin da kake buɗewa da gaske, in ka tashi daga gidan ka je ka canza adireshin a shafin nasu. Ka biya da kati. Ka lura akwai ɗan koyon masu allunan talla masu wuta, wannan lasisi ne daban, kar ka danna shi bisa kuskure. Idan ya fito ka ajiye lambar a waya, katin kuma ya zauna a jikinka duk lokacin da kake sayit, don masu dubawa na hukumar kan faɗo wurin aiki ba sanarwa su ce kowa ya nuna nasa.

Shawarata ka nemi lasisin tun kafin ka fara yawon neman aiki. Dala 20 ce, kuma in ka shiga ofishin ɗan kwangila ya tambaye ka ka ce ga lambata, ka riga ka wuce mutum goma da suka zo hannu rabbana.

Abin da katin ya ba ka da abin da bai ba ka ba

Ya ba ka izinin yin aikin wuta a madadin kamfani mai lasisin kwangila, tare da masta ko janiman ko mai lasisin wayarin ɗin gidaje yana nan a wurin aikin yana kula da kai. A wurin, ba a waya ba. In oga ya sauke ka a wani gida da safe ya ce zai dawo la'asar, kai kaɗai da wani ɗan koyon, wannan ya saɓa ƙa'ida ko da kuwa ka fi shi iya aikin.

Bai ba ka izinin karɓar aiki da kanka ba. Na san yadda abin yake, da zarar 'yan'uwa sun ji kana harkar wuta za a fara kira, zo ka sa min fanka, zo ka ƙara min soket a gareji, shagon wane yana son a ja masa layi zuwa firiza, ga dala ɗari biyu. Kwaɗayin yana da ƙarfi musamman shekarar farko da albashi bai taka kara ya karya ba. Amma wannan kwangila ce ba lasisi, hukuma na cin tara a kai, sunanka ya shiga kundinsu wanda kowa ke iya gani a intanet, in kuma Allah ya kiyaye gobara ta tashi babu inshorar da za ta tsaya maka. Kuma ko awa ɗaya daga wannan aikin ba za ta shiga lissafinka ba.

Neman oga, a nan aikin yake

Hanya biyu ce. Ta farko ka nemi aiki kai tsaye a kamfanin wuta a matsayin mataimaki. Ita ta fi sauri, wani a cikin sati ɗaya ya fara. Kamfanin halal za ka ga a jikin motocinsa an rubuta TECL da lamba a gaba, wannan ita ce lambar lasisin kwangilarsa. Ɗauki lambar, ka koma shafin TDLR inda ake binciken lasisi kyauta, ka duba ko tana raye. Sannan a hirar ɗaukar aiki ka yi tambayar da ta fi tambayar albashi muhimmanci: waye mastan kamfanin nan, shi ne zai sa min hannu a awannina? Ka karɓi sunansa ka duba shi ma. Kar ka ji kunya, mutumin kirki zai ma ga kana da hankali, wanda ya fara kame-kame kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne akwai masu ɗaukar mutane da yawa da ba su da masta kwata-kwata, kamfanin gyaran gidaje ne ko mai kula da rukunin gidajen haya ko wani ɗan'uwa mai mota da tsani da ke yin komai da komai daga fenti har famfo. Za ka yi aikin wuta a wurinsu, za ka koyi abubuwa, za a biya ka, wani lokacin ma fiye da kamfanin gaskiya, amma ranar da ka je neman sa hannu babu mai ikon sa maka. Shekara biyu ta tafi a iska ke nan.

Ka kuma dubi yadda za a biya ka. Ka nace a sa ka a matsayin ma'aikaci mai takardar albashi da ake cire haraji, wadda a ƙarshen shekara ake ba ka W-2. Masu cewa za mu riƙa ba ka tsabar kuɗi a hannu ko mu rubuta ka a 1099, takardar harajin masu zaman kansu, kamar kai ma ɗan kwangila ne, sauƙin kansu suke nema, kai kuma ka rasa shaidar awanni, in ka faɗo daga tsani kuma ka ga ta kanka.

Hanya ta biyu ita ce shiga tsararren shirin koyon sana'a, aiki da rana aji da yamma ko wata rana a mako. Akwai na ƙungiyar ƙwadago ta IBEW tare da ƙungiyar 'yan kwangila ta NECA, reshen Houston shi ne 716, na Dallas da Fort Worth 20, na Austin 520, na San Antonio 60. Akwai kuma na IEC da na ABC, ƙungiyoyin 'yan kwangila ne su ma, shirinsu ba na ƙungiyar ƙwadago ba ne. A nan ne sharuɗɗa suke ƙaruwa, kuma a nan mutane ke rikita su da na lasisi. Su waɗannan shirye-shiryen yawanci suna son shekara 18, takardar gama sakandare ko GED, wato jarrabawar da ke tsayawa a madadinta, na IBEW kuma suna son shaidar ka yi aljabara, su ba ka gwajin lissafi da na fahimtar karatu, sannan hira, sannan ka jira layi wanda kan ɗauki watanni. In takardarka ta WAEC ce ko ta makarantun Nijar da Faransanci, ka tambayi ofishin shirin tun farko wace irin tantancewa ko fassara suke karɓa kafin ka biya wani kamfani kuɗi, wasu ma sukan ga zama su ci GED ya fi musu sauƙi. Na IEC shekara huɗu ne da awa 144 na aji duk shekara, na IBEW huɗu zuwa biyar ya danganta da reshe, albashinka wani kaso ne na albashin janiman yana hawa mataki-mataki.

In ka tambaye ni, wanda ya samu shiga tsararren shiri ya shiga. Su ke riƙe maka lissafin awanni, suna juya ka daga wannan irin aiki zuwa wancan, kuma littafin dokar wuta da za ka yi jarrabawa a kansa ana koya maka shi a hankali shekara da shekaru maimakon ka zo ka haɗiye shi a wata uku. Amma kar ka zauna a gida kana jiran kiransu, ka sa takarda a can, ka kama aikin mataimaki a nan, awanni na tafiya. Kwalejoji irin su Houston City College (wadda a da ake kira Houston Community College) da San Jacinto da TSTC suna da kwasa-kwasan wuta masu kyau, za su taimake ka wajen samun aiki da cin jarrabawa, sai dai awa 8,000 da ake magana awannin aiki ne a ƙarƙashin masta, zaman aji ba ya maye gurbinsu.

Sauran abin da za a nema a wurin ɗaukar aiki kuwa: lasisin tuƙi da mota mai tashi, don sayit ɗin Houston yau yana nan gobe yana mil arba'in, gwajin ƙwaya, takalmin aiki, da ƙananan kayan hannu naka na kanka, filaya, sukundireba, abin fere waya, tef na awo, testa. Katin OSHA 10, kwas ne na awa goma kan kare kai a wurin aiki, manyan sayit da yawa ba sa barin mutum shiga babu shi. Maganar Juma'a kuma ka yi ta da foman tun satin farko a san yadda za a tsara hutun rana, ya fi a wayi gari ana nemanka. Azumi a cikin rufin gidan Teksas a watan zafi ba wasa ba ne, ka sanar da wanda kuke aiki tare halin da kake ciki.

Lissafin awanni

Janiman awa 8,000 ne na aiki a ƙarƙashin masta. In kana yin awa 40 a mako, kusan 2,000 ke nan a shekara, shekara huɗu. Obataim yana shiga lissafi tunda awa ake ƙirgawa ba shekara ba, shi ya sa wasu ke gamawa da ɗan wuri. Kuma da ka kai 7,000 an yarda ka nemi zama jarrabawa, sai dai lasisin ba zai fito ba sai ka cike 8,000 ɗin.

Yadda ake tabbatar da awannin shi ne wani fom na TDLR na shaidar ƙwarewa, mastan da ya kula da kai shi zai rubuta daga ranar kaza zuwa ranar kaza, awa kaza, ya sa lambar lasisinsa ya sa hannu. Kowane masta da nasa fom ɗin. In ka yi kamfani huɗu a shekara huɗu, fom huɗu ke nan, in a kamfani ɗaya aka canza masta sau biyu, kowannensu zai sa hannu a nasa lokacin. Hukumar ba ta riƙe maka lissafi wata-wata, babu wanda ke tura musu awanninka, kai ne ma'ajin kanka, kamar mai adashin da uwar adashi ba ta da littafi, in ba ka rubuta zubinka ba ranar ɗauka sai rantse-rantse.

Don haka ga abin yi. Duk ranar da za ka bar kamfani, ko kai ka ajiye ko su suka sallame ka, ka buga fom ɗin ka kai wa masta ya cika kafin ka karɓi albashin ƙarshe, lokacin da yake tuna fuskarka. Ko ba ka bar wurin ba, duk ƙarshen shekara ka nemi ya cika maka na shekarar. Kamfanoni na rushewa, mastoci na komawa wata jiha, suna yin ritaya, suna mutuwa, kuma neman mutumin da ka rabu da shi shekara uku da suka wuce ba daɗi, balle in da faɗa kuka rabu. Shi ya sa ma nake cewa ko an ɓata maka rai ka fita da sallama. In masta ya ƙi cika maka alhali ka yi aikin, ƙa'idar hukumar tana bayanka, kana iya kai ƙararsa TDLR, kuma a nan ne takardun albashinka da W-2 za su yi magana. Ka ɗauki hoton kowace takardar albashi ka tura wa kanka a imel. Ka kuma riƙe ɗan littafi ko fayil a waya: kwanan wata, sayit, awa nawa, wa ya kula da kai.

Ƙwarewar da ka zo da ita daga gida fa? Dokar cewa ta yi a ƙarƙashin masta mai lasisi, fom ɗin kuma lambar lasisin yake tambaya, ogan da ya koya maka a gida ko yana da Trade Test ɗinsa ba wannan lasisin yake riƙe da shi ba. To ka tsara rayuwarka a kan daga sifili za ka fara ƙirga. Takardunka na gida ka adana su, suna da amfani wajen ciniki a kan albashi, kuma hannunka da ya riga ya faɗa zai sa foman ya fara ba ka aiki mai ma'ana da wuri maimakon shara da ɗaukar kaya.

Sabuntawa duk shekara

Lasisin ɗan koyo shekara ɗaya yake yi. Kafin ka sabunta ko dai ka yi kwas na awa 4 a wurin da hukumar ta amince da shi, ana yin sa ta intanet a zama ɗaya, kan littafin dokar wuta da dokokin jihar da kare kai, ko kuma ka kasance cikin tsararren shirin koyo mai rajista da su, wannan ya ɗauke maka kwas ɗin. Sai ka biya dala 20. In ka bari ya mutu, cikin kwana 90 na farko kuɗin ya zama ɗaya da rabi, bayan nan ya ninka biyu. Kuɗin ba shi ne abin damuwa ba, abin damuwar shi ne duk ranar da ka yi aiki da mataccen lasisi aiki ka yi ba lasisi. Sa ƙararrawa a wayarka wata guda kafin ranar.

Abin da za ka sake koya

Wannan na masu zuwa da ƙwarewar gida ne musamman, domin sabon shiga ba shi da abin da zai mance. A gida wuta volt 230 ce a kan hertz 50, a nan gidajen kwana volt 120 da 240 ne a kan hertz 60, layif biyu da nutural ɗaya ke shigowa daga transfoma, manyan gine-gine kuma za ka haɗu da 120/208 da 277/480. Launin waya shi ne wanda zai iya kashe ka: a tsohon tsarin Ingila da muka saba da shi a Najeriya da Gana ja ne layif baƙi nutural, a Amurka baƙi layif ne, fari ne nutural, kore ko tsirarar waya ita ce ta ƙasa. Hannun da ya shekara goma yana kama baƙar waya ba fargaba sai an sake masa tarbiyya. Kowace waya ka gwada ta da mita kafin ka taɓa, ka gwada mitar ma a inda ka san akwai wuta, bireka kuma in ka kashe ka sa mata kwaɗonka da alamarka, kar ka yarda da "na kashe" daga bakin kowa.

Girman waya ba 1.5 da 2.5 da 4 ba ne, lambobin AWG ne, ma'aunin waya na Amurka, kuma a juye suke, ƙaramar lamba ita ce babbar waya: 14 na tafiya da bireka mai amfiya 15, 12 da 20, 10 da 30. Babu zoben soket irin na Ingila, babu fis a cikin fulogi. Awo da inci da ƙafa ne, sai ka saba da ɗaya bisa takwas da uku bisa sha shida har su zauna maka a ka, don lanƙwasa bututun ƙarfe na EMT duk lissafin inci ne kuma da shi ake gane ɗan koyon da ya fara zama mutum. Ga GFCI na wuraren ruwa mai yanke wuta in ta fara zurarewa, ga AFCI na ɗakuna mai yanke ta in waya ta fara tartsatsi, kowanne da inda doka ta ce dole a sa shi.

Matakin gefe na awa 4,000

Mai lasisin wayarin ɗin gidaje, Residential Wireman a fom, awa 4,000 yake nema a ƙarƙashin masta ko wani mai irin lasisin, da jarrabawa, kuɗin nema dala 20. Shekara biyu ke nan. Yana ba ka damar aiki a gidajen kwana da ba su wuce hawa huɗu ba, har ka kula da ɗan koyo. Ga wanda kamfaninsa gidaje yake yi yana da kyau, albashi kan motsa kuma ka ɗanɗana yadda jarrabawar take. Amma kar ka yi zamanka a nan, asibiti da masana'anta da manyan shaguna duk sun fi ƙarfin wannan katin. Kuma ka kula, awannin da za su kai ka janiman sai waɗanda masta ya tsaya musu.

Jarrabawa

Da ka kai 7,000 sai ka haɗa fom ɗin neman janiman da duk fom-fom ɗin mastocinka da dala 30 ka tura. In sun amince, kamfanin PSI ne ke shirya jarrabawar, kai za ka zaɓi cibiya da rana ka biya kuɗinsu daban, a kwamfuta ake yi. Maki 70 cikin ɗari ake nema. Kana da shekara guda daga ranar da ka nema ka kammala komai, in ka faɗi kana iya sake biya ka sake zama a cikin wannan lokacin.

Ana shiga da littafi, wato NEC, kundin dokar wuta da ƙungiyar NFPA ke sabuntawa duk shekara uku. Teksas ta koma bugun 2023 ranar 1 ga Satumban 2023, kuma tunda bugu na canzawa, ka sauke takardar bayanin 'yan jarrabawa ta PSI ka ga wane bugu ake amfani da shi a lokacinka da irin alamomin da aka yarda ka manna a littafin, kafin ka sayi littafi mai tsada. Jin cewa ana buɗe littafi kan sa mutane sakaci, alhali lokaci ne ke kayar da su, mutum ya san amsar tana ciki amma ya ci minti shida yana nema. Abin da ake gwadawa shi ne saurin gano wuri. A bugun 2023, sashe na 210 na layukan da ke zuwa soket da fitilu ne, 220 lissafin lodi, 250 haɗin ƙasa wanda ya fi kowanne wahalar da mutane, jadawalin 310.16 na yawan wutar da kowace waya ke ɗauka, 314.16 na yawan wayar da akwati zai ci, 430 na injinan da wuta ke juyawa, babi na 9 kuma na cika bututu. Ka sayi littafin tun shekararka ta biyu, duk abin da kuka yi a sayit yau ka dawo ka nemo inda aka rubuta shi, minti ashirin bayan isha ya isa. Turancin littafin Turancin lauyoyi ne, har 'yan ƙasar yana ba su ciwon kai, sabo ne kawai maganinsa.

In za ka bar jihar

Lasisin ɗan koyo na Teksas a Teksas kawai yake aiki. A Kalifoniya katin ɗan koyo ba ya samuwa sai kana cikin makarantar da jihar ta amince da ita, kuɗin rajista dala 25, ƙwararre ɗaya ɗan koyo ɗaya, awa 8,000 na babban lasisi, 4,800 na gidaje. A jihar Washintan tun Yulin 2023 mai son babban lasisin janiman sai ya bi ta tsararren shirin koyo mai rajista, tara awanni a matsayin mataimaki kawai bai isa ba. To in kana da niyyar ƙaura a tsakiyar tafiya, ka kira hukumar jihar da za ka koma ka tambayi yadda suke karɓar awannin Teksas tun kafin ka ɗaure kaya, kuma ka tafi da fom-fom ɗinka a cike. Bayan ka zama janiman abin ya fi sauƙi, akwai jihohin da ke da yarjejeniyar mutunta lasisin juna da Teksas, cikinsu har da maƙwabta irin su Oklahoma da Arkansas da New Mexico.

Daga janiman zuwa masta kuma awa 12,000 ne gaba ɗaya, da riƙe lasisin janiman na aƙalla shekara biyu, da wata jarrabawar, kuɗin nema dala 45. Sai ka zama masta ko ka ɗauki masta aiki sannan za ka iya neman lasisin kwangila, da inshorar da doka ta gindaya, ka samu taka lambar TECL a jikin mota. Awa 4,000 da ke tsakanin janiman da masta su ma da irin wancan fom ɗin ake tabbatar da su, don haka ranar da katin janiman ya iso ka buga sabon fom ka ci gaba da karɓar sa hannu duk ƙarshen shekara.